Wasiƙa ga Iyaye: Aikin Ajin Kimiyya na Wannan Zango

Assalamu alaikum iyayenmu masu daraja,

Muna fatan kuna lafiya tare da iyali. In yaranku sun dawo gida suna ta maganar dainaso (dabbobin zamanin da, da suka ƙare tuntuni), darasin rarraba halittu ne ya kai mu can, kuma muna so ku san abin da suke karantawa.

Mun ɗauki wani dangi da masana ke kira Dryosauridae: ƙananan dainaso masu cin ganye, masu gudu da ƙafa biyu, da doguwar jela mai daidaita musu jiki. Mun zaɓe su ne don ɗaya daga cikinsu a ƙasar Nijar aka tono shi, a Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, inda masanin Faransa Philippe Taquet ya yi aikin tono. Dabbar ta rayu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da koguna ke gudana a wurin da yau rairayi ne.

Abin da masana suka fi dogara da shi wajen gane ta ƙashin cinya ne. A 1982 Taquet da wani masani mai suna Peter Galton suka ga ya yi kama da na wata dabbar Ingila mai suna Valdosaurus, sai suka sa ta a rukuni ɗaya, suka kira ta Valdosaurus nigeriensis. A 2009 Galton ya sake nazarin ƙashin, ya ga bambancin ya isa a ware ta, ya raɗa mata Elrhazosaurus, daga sunan shimfiɗar duwatsun Elrhaz da aka same ta a ciki. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka sa sunan farko shi ne ya gyara shi da kansa bayan shekara 27, saboda abin da ƙashin ya nuna masa. Wannan ne ya fi burge mu, kuma a nan muka fi tsayawa da yara. Dangin Elrhazosaurus na nesa su ne Dryosaurus na Amurka da Dysalotosaurus na Tanzaniya.

Yanzu ga roƙonmu. Mako mai zuwa yara za su auna ƙasusuwa su kwatanta, su rarraba su da kansu. Don Allah, in an yanka kaza, zabo ko tantabara a gida, a ajiye mana ƙashin cinya, a tafasa shi, a shanya ya bushe sarai, a ƙunshe a leda. A rubuta sunan tsuntsun a takarda daban, kada yaro ya gani. Kada kowa ya yi yanka don wannan aiki kawai. Abin da aka samu za a raba wa kowa. Za mu karɓa ranar Litinin da safe.

Allah ya saka da alheri.

Malamin Kimiyya,
a madadin Hukumar Makaranta