Zuwa ga ƙanwata da ta tambaya ko wauta ce a yi kewar jarumin da ya ajiye rawarsa

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Ranar nan da muka yi zaman tattaunawa a kan fina-finai, ana shirin tashi kika miƙe a gaban jama'a kika ce: "Yaya, jarumin da na yi shekara da shekaru ina kallo ya sanar cewa ya daina fitowa a matsayin da na san shi da shi. Yau kwana uku raina a jagule, alhali mutumin nan bai ma san ina duniya ba. Anya ba wauta nake yi ba?" Wasu suka yi dariya, kika koma kika zauna kina kallon ƙasa, lokaci kuma ya ƙure ban ba ki amsar da ta gamsar da ni ba. Tunda a bainar jama'a kika yi tambaya, bari amsar ma ta zo a bainar jama'a.

Ba wauta kike yi ba. Ni ma abin ya taɓa cin raina.

A shekarar 2000 na fara ganin Hugh Jackman a matsayin Wolverine cikin fim ɗin X-Men, ina saurayi, shi kuma yana da shekara 31. Shekara 17 ya kwashe yana wannan fitowa, har zuwa fim ɗin Logan a 2017, wanda ya ce daga shi ya gama. Wurin da ya kama ni a fim ɗin ko faɗa ba a yi a cikinsa. Mutumin da muka saba gani ana harbinsa raunin ya rufe nan take, ga shi yanzu gemu ya yi furfura, yana ɗingishi, yana tari, sai ya sa tabarau kafin ya iya karanta rubutu. Ni kuma a lokacin nawa tabarau na karatu yana cikin aljihun gaban rigata, wata biyu ke nan da likitan ido ya rubuta mini shi. Ban san sanda na kai hannu na dafa aljihun ba. Da fim ya ƙare na daɗe a zaune ban motsa ba, ina tuna abokina da muka kalli na farkon tare, wanda tuni ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansa. Shekarun nan 17 ai ba Jackman kaɗai ya cinye su ba, tare muka ci su, kuma sai ranar da ya yi sallama na tsaya na ƙirga.

Ina jin abin da ke damunki ke nan. Ki tuna inda kike lokacin da kika fara kallonsa, da wanda ke zaune kusa da ke, da damuwar da kike gudu ki fake a shirin nasa. Duk suna ɗaure a jikin wannan fuska, shi ya sa da ta juya baya kika ji kamar an ɗebe miki wani abu a ɗaki.

Masana ma sun daɗe da lura da wannan. Tun a 1956 wasu 'yan Amurka biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan irin shaƙuwar da mai kallo ke yi da wanda yake gani a talabijin, shaƙuwa mai tafiya daga ɓangare ɗaya, amma zuciya ta karɓe ta kamar ta maƙwabci. Bayan an kammala shirin Friends a 2004, wanda aka shekara goma ana nunawa, sama da mutum miliyan 52 suka kalli kashinsa na ƙarshe a Amurka, wasu masu bincike biyu, Keren Eyal da Jonathan Cohen, sun bi ɗalibai da tambayoyi. Sun tarar akwai raɗaɗin rabuwa na gaske, duk da bai kai na rabuwa da aboki na zahiri ba, kuma ya fi tsanani ga wanda ya fi shaƙuwa da shirin da wanda ke fama da kaɗaici. Wannan na ƙarshen nake so ki riƙe. Idan kwana uku suka zama wata uku, to a duba ko akwai wani giɓin da shirin yake rufewa.

Inda zan ja hankalinki shi ne kada kewa ta rikiɗe ta zama fushi. Na sha ganin masoya sun koma zagin wanda suke ƙauna, wai ya ci amana, wai kuɗi sun ishe shi ya manta da waɗanda suka ɗaga shi. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai. Mu hoton muke gani, shi kuwa jikinsa yake bayarwa. Daniel Craig ya fito a matsayin James Bond sau biyar tsakanin 2006 da 2021. An yi masa aiki a gwiwa lokacin ɗaukar na huɗu, an kuma yi masa a idon sawu a 2019 bayan ya ji ciwo a Jamaika wajen ɗaukar na biyar, yana da shekara 51. Wa zai ce masa dole ya ci gaba da tsalle daga kan gini don kada ranmu ya ɓaci? William Hartnell, wanda ya fara fitowa a shirin Doctor Who na BBC a 1963, rashin lafiya ce ta sa ya sauka a 1966. Chadwick Boseman kuwa tun 2016 yake ɗauke da cutar daji ta hanji, da ita ya yi fim ɗin Black Panther, bai faɗa wa duniya ba. Da ya fito a rame a farkon 2020 har tsokanarsa wasu suka yi, a watan Agusta ya rasu yana da shekara 43. Ciki da gaskiya, ba mu san abin da ke bayan labule ba, kuma ba kowane dalili ne mutum zai iya shelantawa ba.

Saura batun wanda zai gaje shi, don na san shi ma yana cikin ranki. A ranar farko ba za ki so shi ba, muryarsa ma haushi za ta ba ki. Ba laifi. Sai dai ki sani da aka sanar da sunan Craig a 2005, masoya Bond sun tayar da jijiyar wuya, wasu har da kiran a ƙaurace wa fim ɗin, cikin dalilansu har da launin gashinsa. Shekara 16 bayan haka mutane suka fito daga kallon fitowarsa ta ƙarshe idanu jajur. Idan kin ga ba za ki iya bin sabon ba, ki bari, ba wanda zai tuhume ki. Amma kada ki ɗora masa alhakin tafiyar da ba shi ya yi ba.

Wani abu kuma, tunda na fara da Jackman. Daga baya ya canja shawara, a 2024 ya dawo ya sake fitowa a matsayin Wolverine. Na yi murna sosai, na kalla a makon farko, ya kuma yi ƙoƙari. Amma kujerar da ke gefena ba abokina a kanta, wannan karon kuma tabarau a idona yake tun daga farkon fim har ƙarshe. Na dawo gida na ɗauko na 2000 na sa, na kira ɗana ya zauna, na nuna masa wurin da ni da marigayin muka miƙe tsaye muna ihu. Ke ma ki koma kan tsofaffin fitowar jarumin naki, suna nan ba inda suka je, kuma in za ki kalla kada ki kalla ke kaɗai.

Allah ya sanyaya miki zuciya.

Yayanki.