Wasiƙa zuwa ga ɗiyata kan darasin addini da tarbiyya

Assalamu alaikum, ɗiyata. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da malamanki.

Tunda kin shiga SS1, kin kuma sa darasin addinin Musulunci cikin waɗanda za ki rubuta a WAEC da NECO, akwai abin da nake so ki gane tun yanzu. Ɗalibai da yawa na raina wannan darasi, wai ai tun suna ƙanana suke zuwa Islamiyya. Sai sakamako ya fito, ido ya raina fata. A Islamiyya hukunci anka koya miki. A nan kuwa hujjar hukuncin za a tambaye ki, da tarihinsa, kuma a rubuce, da Turanci.

Manhajar ta ƙunshi tarihi, da Alƙur'ani da Hadisi, da tauhidi da fiƙihu. Ki ware wa kowanne littafin rubutu nasa. A shafukan baya ki ja layi uku: kalmar Larabci, ma'anarta da Hausa, ma'anarta da Turanci. Yaro na iya sanin isnadi (jerin masu ruwaito hadisi) da matani (lafazin hadisin kansa) sarai, amma ya kasa bayyana su a takarda don bai taɓa gwadawa ba. Hadisan Arba'una na Nawawi kuma kada ki tsaya ga hadda kawai. Kowane hadisi ki riƙe sahabin da ya ruwaito shi, da fassararsa, da darussa uku ko huɗu da ke cikinsa, don a kansu ake ba da maki.

A tauhidi nake so ki fi natsuwa, domin nan ne abin da ake kira falsafa ke shigowa, ko da ba a ambaci sunanta ba. Malamanmu na zaure sun kasa hukunci gida uku: na shari'a, na al'ada, da na hankali. Cewa sallar azahar raka'a huɗu ce, hukuncin shari'a ne, daga nassi, wato Alƙur'ani ko Hadisi, ake sanin shi. Cewa wuta na ƙona abu, hukuncin al'ada ne, da maimaituwar gani anka san shi. Na hankali kuwa shi ma uku ne: wajibi, wanda hankali ba ya karɓar rashinsa, kamar a ce abu gaba ɗayansa ya fi sashensa girma, mustahili, wanda hankali ba ya karɓar samuwarsa, kamar abu ɗaya ya kasance yana motsi kuma ba ya motsi a lokaci guda, sai ja'izi, wanda zai iya faruwa ko ya ƙi, kamar saukar ruwa gobe. Yawancin gardamar da ba ta ƙarewa daga cakuɗa waɗannan take tasowa. Wani ya ga abu ya saɓa wa al'ada sai ya ce mustahili ne, alhali bai taɓa ganin irinsa ba ne kawai. In ana muhawara a aji, ki fara tambayar kanki: wane irin hukunci muke magana a kai?

Za ki ji masu cewa falsafa duk ɓata ce, da masu ɗaukar ta alamar wayewa. Duka biyun sun yi gaggawa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi mai zafi kan wasu mas'aloli, amma bai jefar da ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja da hankali, ba, da shi ma ya yi aiki. Ibn Rushd, alƙali Bamalike a Andalus da ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani. A ƙasarmu ma, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen ɗiyarsa Khadija, ya zauna a Salame ya yi rubutu kan falsafa. Abin da na yarda da shi shi ne ki fara kafa aƙidarki a gaban malami, sa'annan ki karanta maganar kowa kina neman hujjarsa.

Fiƙihu kuma lissafi yake so, musamman gado. Ki haddace kason nan shida: rabi, rubu'i (1/4), sumuni (1/8), sulusi biyu (2/3), sulusi (1/3), sudusi (1/6). Ga misali: mutum ya rasu ya bar mata, uwa, ɗa da ɗiya. Mata na da sumuni saboda akwai 'ya'ya, uwa na da sudusi. Asalin mas'ala, wato adadin kason da za a fara raba dukiyar, 24 ne, mata 3, uwa 4, saura 17. Ɗa na ɗaukar kaso biyu, ɗiya ɗaya, to tunda 17 ba ta rabuwa uku, sai a ninka komai sau uku ya koma 72: mata 9, uwa 12, ɗa 34, ɗiya 17. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne su ba matar rubu'i, sun manta rubu'i sai in babu ɗa ko ɗiya. Ki riƙa warware irin wannan guda biyu kowane mako.

A tarihin jihadi kada ki dogara da abin da kinka ji a gida. Ki riƙe shekaru: haihuwar Shehu 1754, hijira daga Degel zuwa Gudu 1804, rasuwarsa a Sakkwato 1817. In anka tambayi gudunmawar Nana Asma'u, ki ambaci 'Yan Taru, tsarin karantar da mata da ta kafa, da jajis, matan da ke jagorantarsu, da waƙoƙinta na koyarwa da Fulatanci da Hausa da Larabci. Yabo kawai ba ya kawo maki.

Sai tarbiyya. Duk wadda ta rubuta bayanin amana da amsar da ta sato, ta rushe abin da take rubutawa, don haka ko an kawo amsa ɗakin jarrabawa kada ki karɓa. In saɓanin mazhaba ya taso, kamar ƙabalu da sadalu, ki faɗi ra'ayin kowane ɓangare da sunan masu shi, ban da zagi. 'Yan ajinku Kiristoci da ke karanta nasu darasin, ki mutunta su, kada ki mai da addininsu abin ba'a.

In kina da niyyar karatun lauya, ki riƙe darasin adabin Turanci da kyau tare da wannan, don ana buƙatarsa wajen neman gurbi. In anka yi hutu ki zo da littattafanki uku mu duba tare, mu kuma je gidan tarihi na Waziri Junaidu ki ga rubuce-rubucen hannu na malaman da kike karantawa.

Mahaifiyarki da ƙannenki na gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.