A cire robar nan kafin a taɓa faifai

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ƙannena masu koyon DJ a nan Gusau, musamman waɗanda suka koma kan faifai da allura.

Satin da ya wuce wani yaro ya kira ni shagonsu, ya sayo injin juya faifai Technics 1200 na gwanjo daga Kano, wai injin ya lalace, in ya dafe faifai sai farantin ƙasa ma ya nemi tsayawa, in ya saki kuma waƙar ta taso tana ja kamar kaset ɗin da batir ya yi wa sanyi. Ina ɗaga faifan sai ga baƙar robar kamfani mai kauri tana nan zaune. Wallahi raina ya ɓaci, don ya riga ya kankare bayan faifai biyu waɗanda yanzu ko da kuɗinka da wuya ka samu.

Ita robar nan an yi ta ne don ta kama faifai gam, ta mai zama ya saurara ce. Mu kuwa so muke faranti ya ci gaba da juyawarsa a gudun zagaye 33 ko 45 a minti alhali hannu na riƙe da faifai a sama, kana saki waƙa ta faɗa daidai kan kiɗa. Aikin silifmat kenan, ɗan kyalle zagayayye mai inci 12, irin yadin hular dara. Shahararren DJ Grandmaster Flash ma can Bronx ta Amurka a shekarun 1970 da hannunsa ya yanka nasa ya sa takarda mai santsi a ƙasa.

In aikinka haɗa waƙoƙi ne a wajen kamu ko dina to mai ɗan kauri ya ishe ka, in kuma sikirachin kake so, wato jan faifai gaba da baya da hannu allura na kai, nemi mara kauri sosai sannan ka yanka ledar cikin jakar faifai daidai da shi ka huda tsakiya ka shimfiɗa a ƙarƙashi. Ni dai ba na son masu zanen fenti mai kauri ɗin nan, kyau ne kawai a ido, fentin cije faifai yake. Kuma kar a manta, tunda an cire roba faifai ya yi ƙasa, sai a sauke hannun allura ya kwanta daidai, in ba haka ba tsalle za ta dinga yi. Injin da bel ke juya shi kuwa kar ma a wahalar da shi.

Sai hunturu. Wannan tartsatsin da kake ji in ka cire rigar sanyi, shi ke sa silifmat ya manne wa faifai ya biyo shi sama, ga ƙura tana shiga. A kaɗe shi kullum, an tashi aiki a sa shi cikin jakar faifai a rufe injin.

Naku,
wani tsohon DJ daga Tudun Wada, Gusau