Rahoton Ayyukan Shekara: Ajin Kimiyya na Yaranmu

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da 'yan uwa mambobi.

Alhamdu lillahi, ajin Asabar da muke yi wa yaranmu a Agege ya ga ƙarshen shekara. Ruwan Yuni da Yuli ya ɗan katse mu, don ya sha shiga ɗakin da aka ara mana. Mun yi darasin maganaɗisu da na lantarki. Bayanin kuɗi kuwa ma'aji zai karanto shi a taro.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bakan gizo. Wata yarinya ce ta ce kakarta ta gaya mata shi yake shanye ruwan sama, shi ya sa ake ce masa masha-ruwa. Malam bai ƙaryata tsohuwa ba. Ya fitar da yaran tsakar gida bayan la'asar, ya sa suka juya wa rana baya, ya toshe bakin tiyo da babban yatsa, ruwa ya yi feshi. Sai ga bakan a gabansu, ja a sama, shunayya a ƙasa. Ihun da suka yi har maƙwabta sai da suka leƙo.

Sannan ya bayyana musu: hasken rana yakan shiga ɗigon ruwa ya lanƙwashe, ya bugi bangon ɗigon na ciki ya dawo, ya sake lanƙwashewa wajen fita. Kowane launi da irin tasa lanƙwasar: ja yana fitowa a kusurwar digiri 42, shunayya wajen 40. Don haka ba a ganinsa da tsakar rana, sai ta yi ƙasa. Kuma yawanci ruwa yana tsagaitawa rana take ɓullowa, abin da kakanninmu suka lura da shi ke nan, kuma lurarsu daidai ce.

Na ji daɗi ƙwarai da yaran suka ji cewa Kamaluddin al-Farisi, wani masani ɗan ƙasar Farisa, ya gano yadda haske yake lanƙwashewa ya dawo a cikin ɗigon ruwa tun farkon ƙarni na 14, da ƙwallon gilashi cike da ruwa, shekaru fiye da 300 kafin bayanin da Descartes, masani ɗan ƙasar Faransa, ya yi a 1637.

Baɗi, in Allah ya kai mu, muna son kai ajin zuwa unguwar Idi-Araba a nan Legas. Muna roƙon mai hali ya taimaka mana da madubai da ɗakin da ruwa ba ya shiga.

Sakatare