Wasiƙar Makaranta: Gidan Gonar Rokeby da Iyalin Robinson

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara,

Da fatan kuna lafiya, ya iyali? Wataƙila 'yan aji uku na ƙaramar sakandare sun riga sun cika muku kunne da labarin wani tsohon gidan gona a Amurka. Ga abin da suka karanta a darasin tarihi na wannan zango.

Sunan gidan Rokeby, yana garin Ferrisburgh a jihar Vermont. A 1793 Thomas Robinson da matarsa Jemima, waɗanda suka fito daga Newport ta Rhode Island, suka zauna a wurin, gonar kuma ba ta bar hannun zuri'arsu ba sai 1961. 'Yan Kweka ne, wata ɗariƙar Kirista da George Fox ya assasa a Ingila wajen 1650. Ba sa rantsuwa, ba sa zuwa yaƙi, ibadarsu kuwa yawanci zama ne shiru. Kiwon tumakin Merino masu laushin ulu ne ya ɗaga gidan, daga baya aka koma ga tuffa da man shanu.

Inda muka fi daɗewa da yaran shi ne kan ɗansu Rowland da matarsa Rachel. Sun ƙi bauta har a cikin ɗakin girki, don sukari ko auduga da bayi suka noma ba ya shiga gidansu. A shekarun 1830 bayin da suka gudo daga kudancin ƙasar sun samu mafaka a gonar, kuma ba a ɓoye suke ba, aiki suke yi a fili ana biyansu lada. Wani mai suna Jesse, daga Karolina ta Arewa, ya tara dala 150 don ya fanshi kansa. Rowland ya rubuta wa ubangidan Jesse a 1837, shi kuwa ya kafe sai dala 300. Ajin ya yi tsit da muka zo nan, mu ma malamai abin ya taɓa mu.

Duk wannan an san shi ne saboda iyalin sun adana dubban wasiƙu. Yau gidan ya zama gidan tarihi.

Shi ya sa muke roƙonku ku ba yaranku lokaci su zauna da kakanni ko wani dattijo na dangi, su tambaya: wa ya fara sare gonarmu, me ake nomawa, wa aka taɓa saukewa a gidanmu? A rubuta shafi ɗaya, a kawo wa malamin tarihi ranar Alhamis mai zuwa.

Mun gode, Allah ya yi wa yaranmu albarka.

Shugaban Makaranta