Amsa ga mai tambaya ko zan bar iyalina su hau jirgin da na duba

Malam, tambayarka ta iso ni, kuma na lura a bainar jama'a ka zaɓi ka yi ta. Wai tunda ina sa hannu a takardar lafiyar jiragen fasinja masu bin gaɓar teku, zan yarda 'ya'yana su hau? Ka ƙara da cewa mu masu duba jirage sa hannu kawai muka iya. Wannan ta biyun ita ta tsaya mini a rai.

Shekara ashirin da ɗoriya ina sauka ɗakin inji, in tsuguna cikin zafi da warin dizal, in haska tocila ƙasan jirgi in ga ko ruwa na tsattsafowa, in ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma in ji inda tsatsa ta ci. Kai kuwa, ina jin iyakarka saman jirgi, wurin shan iska.

Tunda ka ce ka yi bincike, ai ka san Joola. Jirgin da aka ƙera don mutum ƙasa da 600, aka danƙara masa ninki uku daga Ziguinchor zuwa Dakar na ƙasar Senegal, ya kife a 2002, mutum 1,863 suka tafi. Sewol na Koriya ta Kudu fa? An ƙara masa ɗakuna a sama, masu dubawa suka gindaya sharaɗi a rage kaya, a ƙara ruwan da ake ɗura wa ƙasansa don ya zauna daram. Masu jirgi suka yi akasin haka. A 2014 yana shan kwana a teku ya kwanta, rai 304 suka tafi. A cikin waɗannan, wanne guduma ta za ta hana?

Batun tsufan jirage da ka kawo ba zan ɓata baki a kai ba, tsohon jirgin da ake kula da shi ya fi sabon da aka cika wa lodi.

Abin da ya ba ni dariya, bara da na hana wani jirgi tashi saboda famfon kwashe ruwansa ya mutu, kai ne ka fara kururuwa mun wulaƙanta fasinja kwana biyu. Mu sau ɗaya muke zuwa a shekara, mai jirgi kullum yake lodi, amma sunansa bai taɓa fitowa daga bakinka ba. Ko akwai dalili, Malam?

Eh, zan bar su su hau. Amma sai na tsaya a bakin tasha na duba layin lodi a jikin jirgin, alamar da ke nuna iyakar nauyin da zai ɗauka, in layin ya nutse cikin ruwa mu koma gida.