Tsoron Amai Lalura Ce, Kuma Maganinta Ba Ya Kemis

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mu yi bayani kan wata lalura da ake yawan yi wa kallon olsa, ko taifod, ko ma iska, alhali ba ko ɗaya ba ce. Ita ce matsanancin tsoron amai, wanda likitoci ke kira emetofobiya.

Babu mai son amai. Amma ƙyama daban, tsoron da ya mallake rayuwar mutum daban. Mai wannan lalura zai iya shekara goma bai yi amai ba, amma da tunaninsa yake kwana, da shi yake tashi. Ya daina cin abincin biki, ya bar tsire da fura a waje, nama sai an dafa shi ya saɓule. Doguwar tafiya a motar haya ta gagare shi. In ta zama dole, sai kusa da taga, leda a aljihu, citta ko lemun tsami a hannu. Yaro ya ce cikinsa na murɗawa, uwa ta fice daga ɗaki jikinta na ɓari, daga baya ta zauna tana kuka wai ta gaza a matsayinta na uwa. Akwai matan da tsoron laulayi kaɗai ke hana su yarda su ɗauki ciki. Lalurar ta fi kama mata, kuma galibi tun ƙuruciya take farawa. Idan ta wuce wata 6 tana hana karatu, aiki ko cin abinci, ta zama abin kai wa likita.

Abin da ke riƙe ta shi ne fargaba ita kanta tana kawo tashin zuciya. Idan gaba ya faɗi, jiki na sakin sinadarin adirenalin, narkewar abinci ta yi sanyi, maƙogwaro ya shaƙe, zufa ta keto. Mutum ya ji haka ya ce amai ne ke tafe, tsoro ya ƙaru, zuciya ta ƙara tashi. Sai ya sha magani ko ya bar wurin. Aman bai zo ba, da ma ba zai zo ba, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta rubuta cewa maganin ne ya cece shi. Gobe ba zai fita babu shi ba.

Nan ne muke da babbar damuwa. Metoclopramide, maganin hana amai da ake saya a kemis, ba na shan yau da gobe ba ne. Hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shi zuwa kwana 5 tun 2013. Yakan sa wuya ya murɗe, ido ya juye sama, musamman ga matasa, sai gida ya rikice a ce aljanu ne. Promethazine, wani maganin tashin zuciya, na sa barci da kasala, diazepam kuwa, na kwantar da hankali, jiki na sabawa da shi har ya kasa bari.

Maganin da ya fi inganci shi ne horar da tunani da ɗabi'a, wato a fuskanci abin tsoron kaɗan-kaɗan tare da masanin halayyar ɗan Adam. Wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2016, wanda Farfesa David Veale na Landan ke cikin masu yin sa, ya yi amfani da zama 12, kuma waɗanda aka yi wa horon sun fi samun sauƙi a kan waɗanda ke jiran a fara musu. Da farko likita zai tabbatar babu ciwon ciki na gaske. Sannan a jera abubuwan tsoro, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon tsoron da yake jawowa, a fara da mai 30 ko 40: rubuta kalmar amai da faɗarta da ƙarfi, kallon zane, sai hoto, sai sauraren kakari, sai bidiyo. Daga nan a dama koko da gutsuren wake ya yi kama da amai, a zuba a bokiti, mutum ya kalla, ya matso, ya wanke da hannunsa. Akwai kuma horon jin alamun a jiki: ya yi hajijiya na daƙiƙa 30, ko ya ci ya ƙoshi sosai, ya zauna da abin da ya ji. Mai ciki, mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya kada su taɓa wannan sai likita ya amince. Kowane mataki a maimaita shi kullum har ya daina tayar da hankali, kafin a hau na gaba. Ba a sa mutum ya yi amai da gangan.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Wani ya kalli bidiyon, amma ƙwayar tana aljihunsa, ko ya runtse ido rabi. Wannan bai fuskanci komai ba. Dole leda da citta da yawan wanke hannu su tafi ɗaya bayan ɗaya. Wani kuma ya tashi tsoron na tsakiyar ƙarfinsa, ya koma gida da tabbacin cewa ba zai iya ba. Sai iyali: yarinya ta tambayi mahaifiyarta sau ashirin a wuni, "Umma, ba zan yi amai ba ko?" Tausayi ke sa a amsa, amma kowace amsa ƙara wa tsoron itace take. Ya fi a ce mata, "Ban sani ba, amma ko ya zo za ki iya, ina nan." Tsawa da gori su ma ba sa gyara.

Wanda ke ramewa, ko amai da jini, ko amai da gudawa, asibiti zai nufa nan take. Ga tsoron kansa kuwa, a nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa, ko asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, a gaya wa likita ƙarara cewa tsoron amai ne ke hana cin abincin.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, daga Kaduna.